Idan tsutsa ta tsinke gida biyu, wacce ce ta asali?

Yau maganar tsutsa na kawo muku, sai ku yi haƙuri da ni.

A ƙarƙashin duwatsun marmaro da ƙoramu masu sanyi akwai wata 'yar tsutsa mai faɗi, masana suna ce mata planariya. Yawanci ba ta wuce tsawon farce, da ɗigo biyu a ka kamar idanu. Wasu jinsinta kowacce namiji ce kuma mace. Biyu su haɗu, kowacce ta saka ƙwai cikin ɗan kwanso. Wasu kuwa ba ruwansu da wannan. Tsutsar za ta kafe wutsiyarta a dutse, ta yi ta jan gabanta har ta tsinke. Gaban ya tsiro da sabuwar wutsiya, bayan kuma ya tsiro da sabon kai, har da ƙwaƙwalwa, cikin mako ɗaya zuwa biyu. In suka yi cunkoso sai su rage tsinkewar. In abinci ya yanke sai su ƙanƙance, su jira. Har wani jinsi da ɗakunan bincike da yawa suke aiki da shi yau, daga tsutsa ɗaya tak aka yaɗa shi, cikin waɗanda aka ɗebo a wani wurin ruwa a birnin Barsalona na Sifen.

Wani ɗalibina mai karatun kimiyya ne ya ba ni labarin bayan sallar isha'i, sannan ya jefo mini tambaya: "Malam, to wacce ce ta farkon?"

Na ce mai kan mana. Ya yi dariya. Ashe tun a 1898 Thomas Hunt Morgan ya yi ta yanka su gunduwa-gunduwa, ƙananan gutsattsari suna komawa cikakkiyar tsutsa. Na ce to wadda ta riƙe tunanin. Nan ma ya tare ni: a 2013, a Jami'ar Tufts ta Amurka, an sabar wa tsutsotsin da wani irin daɓe mai kaushi inda suke samun abinci, aka sare kawunansu. Da sababbin kawuna suka fito, aka ɗan tuna musu, sai suka fi waɗanda ba a sabar wa ba saurin zuwa ga abincin. Wato ɓangaren da bai tafi da kan ba ma ya tafi da wani abu na sabon.

Wallahi sai na tuna ajin falsafa a jami'a, lokacin da muke ganin irin waɗannan mas'aloli ɓata lokaci ne. Ibnu Sina ya kawo misalin mutumin da aka halitta yana rataye a sarari, ba ya gani, ba ya taɓa komai, ko gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna. Ya ce duk da haka zai san akwai shi. Abin da yake nufi, "ni" ɗin mutum ba hannu ba ne, ba ƙafa ba ne.

Kuma abin ya shafe mu fiye da yadda muke zato. Dattijo ɗan shekara 70, mafi yawan naman da ya ci bashi da shi yana ɗan 25 ya canza tuntuni. Wataƙila ma ya manta da bashin. Amma wane alƙali ne zai ce ba shi ba ne? Ga kuma tagwaye masu kama ɗaya: ƙwai guda ne ya rabu a mahaifa, kusan irin rabuwar tsutsar nan. Amma ba a kama Husaini da laifin Hassan. Jiki yana rabuwa, tunani yana gushewa, a tsutsa ma alamu sun nuna yana bin gutsire. Abin da ake ɗora wa amana da bashi kuwa dole ya zama wanda ba ya tsagewa gida biyu, in ba haka ba kowane rabi sai ya nuna ɗan uwansa.

Amsar da na ba yaron game da tsutsar ita ce, ni a ganina babu ta asali a cikinsu. Ta farkon ta ƙare a daidai lokacin da ta tsinke, aka samu biyu sababbi.

Ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, ta mutu ke nan, ko haihuwa ta yi? Ai ba a ga gawa ba."

Na ce masa ya tashi mu rufe masallaci, dare ya yi.