Zumunta da Takardar Gwaji

Zumunta a ƙafa take, amma annobar korona ta ɗaure ƙafa. Ran 6 ga Disamba 2021 Ingila ta kafa doka, mazauninta da ya komo daga Nijeriya sai an killace shi kwana 10 a otel, da kuɗinsa. A lokacin, gwaji kuma wajibi ne kafin shiga jirgi. Waɗansu masu marmarin Kirsimati tare da iyayensu suka sayi takardar gwaji ta ƙarya. Ƙauna ke nan? Takarda takan ruɗi ma'aikaci, ba ta ruɗin cuta. Tsohuwar da ka runguma, ita za ta biya. Wanda ya haƙura ya zauna saboda ran uwarsa, shi ma ya yi zumunta.