Butar shayin azurfa: kyau yana halatta abu?

Wani ɗan'uwa ya turo min hoton butar shayi ta azurfa, aikin Paul de Lamerie, maƙerin Landan da ya rasu a 1751. Ya ce, "Malam, duk wannan kyan a ce haramun ne?" Gaskiya ni ma na daɗe ina kallonta. Irin waɗannan da guduma ake buga cikinsu daga fallen azurfa, a sa musu mariƙin itace saboda azurfa akwai saurin ɗaukar zafi. Gwaninta kam, ba a magana.

Amma hukuncin a fili yake. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa a Mada'in an kawo wa Huzaifa (RA) ruwa a ƙwaryar azurfa, ya jefi mai kawowar da ita, domin ya sha hana shi, kuma Annabi (SAW) ya hana. A Mukhtasar Khalil ko ajiye ta ma bai halatta ba, ko da ga mace.

To me ya sa? Bayanin Imam Gazali a Ihya ne ya fi kwanta min. A wurinsa zinariya da azurfa alƙalai ne tsakanin dukiyoyin mutane, wanda ya mayar da su kwano kamar ya ɗauki alƙalin gari ne ya sa shi shara. Tarihi ma ya nuna butar kuɗi ce aka daskarar. A 1689 da yaƙi ya matsa wa Sarkin Faransa Luwis na 14, sai ya sa aka narkar da kayan azurfar fadarsa aka buga kuɗi. Aikin shekaru ya tafi wuta.

Sannan ka tambaya, daga ina azurfar take? Mai yawa a zamanin daga Kudancin Amurka ta fito, irin su dutsen Potosi, inda ake tilasta wa 'yan ƙasa haƙa. Sukarin da ke ɗan kwanon gefenta kuwa bayi 'yan Afirka ne suka noma raken. Ban ce wannan ne dalilin hukuncin ba, nassi ya wadatar. Sai dai tun da na sani, ƙyallin ya ragu a idona.

Na ce masa kallo da yaba hannun maƙeri ba laifi. In kuma akwai irinta a gida, a kai wa maƙeri ya duba, don yawanci ruwan azurfa ne kawai aka shafa, a nan malamai sun saɓa. In zalla ce, a auna, nisabi wajen giram 595 ne.

Hoton dai har yanzu ban goge shi ba. Wallahu a'alam.