Alƙalami da Kyamara: Ina Haƙƙin Mai Karatu?

'Yan'uwa marubuta, tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano cikin 1990, alƙalami da kyamara suka fara zaman gida ɗaya. Littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a 1991, ya zama fim a 1994. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda aka buga a 1990, shi ma ya shiga kaset a 1998. Daga baya sai reshe ya juye da mujiya, wato littafi ya koma yana aro daga fim: ga waƙa, ga rawa, ga babi-babi a yanke kamar fitowar 'yan wasa. Shin wannan aro ya halatta gare mu?

Da farko dai, aron kansa ba laifi ba ne. Kakanninmu ma sukan sa waƙa a tsakiyar tatsuniya, masu sauraro suna amshi. Amma a lura, waƙar tana da aikin yi. Da ita marainiya ke faɗin abin da ba ta isa ta furta a gaban kishiyar uwa ba, da ita asiri ke tonuwa. In aka cire ta, labarin ya gurgunce.

Inda gizo ke saƙar shi ne, sai marubuci ya kai saurayi da budurwa lambu, su cika shafi uku da baitoci irin na finafinan Indiya, alhali takarda ba ta kiɗa. Ya lissafa leshi da mota da kujerun falo, ya bar zuciya a rufe. Irin wannan marubuci furodusa yake wa rubutu, yana jiran a saya a yi fim. To amma wa ya cire kuɗinsa ya sayi littafin? Mai karatu. Wanda ya sayar da tsarin fim da sunan littafi ya tauye mudu, ko da bai yi nufi ba.

Kyamara za ta iya nuna mana Rabi da 'ya'yanta bayan Alhaji Abdu ya kore ta, amma tunanin da ya hana ta barci cikin dare, alƙalami ne kaɗai ke iya shiga can. Wannan shi ne gadonmu, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Saboda haka ga ma'auni. Duk waƙar da muka sa, mu gwada cire ta. In labarin bai girgiza ba, mu bar ta a waje. In za mu kawo rawa, mu zaɓi kalmomin da za su sa mai karatu ya ji kalangu a kunnensa, ya kuma san abin da ke ran mai rawar. Kayan aro ba ya rufe katara, sai fa in mun warware shi mun sake ɗinkawa daidai jikin littafi. Allah Ya sa mu gane.