Dubiya a Lokacin Annoba: Ko Rufe Ƙofa Rashin Ƙauna Ne?

A wurinmu, wanda bai zo dubiya ba ya yi laifi. Ko a Gumbihini ne ko a Zangon Tamale, da zarar an ji yaro yana kwance, kafin rana ta take gida ya cika. Kakanni, gwaggwanni, matan zumunta, da maƙwabtanmu Dagomba masu doguwar gaisuwa, kowa zai shiga ɗaki, ya taɓa goshin yaron, ya ce sannu. Mu masu bi kuwa muna da ƙarin dalili, gama a Matiyu sura 25 Ubangiji ya sa ziyarar marar lafiya cikin ayyukan da za a tambaye mu a ranar shari'a. To, me za mu ce game da iyayen da ɗansu yake karɓar maganin ciwon daji a shekarar 2020, suka tsaya a bakin ƙofa suka ce kada kowa ya shiga? Na ji an ce da irinsu masu girman kai. Waɗansu kuma suka ce tsoro ya cinye bangaskiyarsu.

Kafin mu yanke hukunci, ɗan'uwa mai karatu, bari mu ga abin da yake faruwa a jikin yaron. Ɗaya daga cikin ciwon dajin da ya fi kama yara a ƙasashenmu masu zazzaɓin cizon sauro shi ne wanda yake kumbura muƙamuƙi ko ciki. Ana kiransa da sunan Denis Burkitt, likitan da ya bayyana shi a Yuganda a 1958. Ƙarin yakan iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Yana jin magani ƙwarai, amma maganin da ake ɗurawa ta jijiya ba ya rarrabe abokin gaba da mai gadi. Yana kashe ƙwayoyin ciwon, yana kuma kashe fararen ƙwayoyin jini waɗanda suke tsare jiki daga cuta. Mako ɗaya zuwa biyu bayan kowane zagaye, yaron kamar gida ne da ba danga. Murar da kaka ta shigo da ita ba ta sani ba, ko ƙarambau a jikin ɗan maƙwabci, ya isa ya mai da shi asibiti da tsakar dare.

A kan wannan hali ne annobar korona ta sauka. An tabbatar da ita a Gana ranar 12 ga Maris, 2020. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta rufe makarantu, majami'u da masallatai, har muka yi Ista a gidajenmu. Daga 30 ga Maris aka kulle Ankara da Kumasi mako uku, can kuwa Korle Bu da Komfo Anokye suke, manyan asibitocin da ake tura yaran arewa idan ciwon ya fi ƙarfin abin da ake da shi kusa. Uban da yake Tamale sai ya zaɓa: ya ɗauki yaro marar garkuwa cikin mota cike da mutane, tafiyar kusan kilomita 400 zuwa Kumasi, ko ya zauna ranar magani ta wuce. Ko wanne ya ɗauka, akwai mai cewa ya yi ganganci.

A ganina iyayen da suka rufe ƙofa ba su yi zunubi ba. Wa ake yi wa dubiya, marar lafiya ko mai zuwa? In don marar lafiya ne, to ziyarar da za ta cuce shi ta ɓata dalilinta. Sau da yawa abin da yake ɓata mana rai shi ne an hana mu sauke nauyin da yake wuyanmu, an kuma hana a gan mu muna saukewa. Batun bangaskiya kuma, a tuna Ubangiji kansa ya ƙi faɗowa daga kan Haikali don ya gwada Allah.

Amma masu gunaguni ba su rasa gaskiya ɗungum ba. Yaro ɗan shekara huɗu bai san fararen ƙwayoyin jini ba. Abin da ya sani shi ne gashin kansa ya zube, kakarsa ta daina goya shi, kowane mai zuwa kusa da shi fuskarsa a rufe da takunkumi. Yana iya ɗauka laifi ya yi. Uwar da ta yi wata da watanni ba mai karɓarta ko na sa'a ɗaya, takan ƙare kamar fitilar da ba mai. Kaɗaici ma ciwo ne. Akwai kuma muguwar riba da waɗansu suka ci: waɗanda dama suna raɗa cewa jifa ne ko alhakin iyaye, suna gudun gidan, sai korona ta ba su hujja mai tsabta. Wannan gudu ne, ko da an sa masa rigar biyayya ga likita.

Mutane huɗun nan na Markus sura 2 sun tarar ƙofa ba ta shiguwa, ba su koma gida da fushi ba, suka hau rufi. A 2020 rufin shi ne ɗakin ba da jini na Asibitin Koyarwa na Tamale. Yaron da yake karɓar wannan magani yakan bukaci ƙarin jini sau da dama, jinin kyauta kuwa yawancinsa daga ɗaliban sakandare da taron majami'u yake fitowa, ga shi duk an rufe su. Wanda ya miƙa hannunsa aka ɗebi leda ɗaya ya yi dubiya, ko bai ga fuskar yaron ba. Haka ma wadda ta ajiye tuwo a bakin ƙofa, da wanda ya biya kuɗin mota, da wadda ta kwashi yayyen yaron ta riƙe su, gama su ne aka fi mantawa da su a irin wannan gida. A lokacin, inshorar lafiya ba ta ɗaukar maganin. Sai a ƙarshen 2021 aka sanar za a shigar da ciwon dajin yara iri huɗu, har da na Burkitt. Kafin nan iyaye sun sayar da awaki, da babur, waɗansu har da gona.

A watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona, amma ƙyanda da ƙarambau suna nan, kuma yawancinmu a gidan haya muke, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Har yanzu likita zai ce wa uwa ta rage masu shiga ɗaki, ita kuma za ta koma gida ta faɗa wa surukarta.