Uwa da 'yarta a kan littafi ɗaya: soyayyar mashayin jini



'Yan uwa, tambayoyi biyu nake so mu duba yau. Littafin da babu batsa a cikinsa, shi ke nan ya zama mai tsabta? Uwar da ta zauna ta karanta shi tare da 'yarta kuma, ta sauke nauyin da ke kanta? Misalin da zan kafa magana a kansa daga Amurka yake, domin a can ne abin ya fi fitowa fili.

A 2005 wata mata mai suna Stephenie Meyer ta fitar da littafin Twilight. Zuwa 2008 sun zama huɗu, an sayar da fiye da kwafi miliyan 100, an kuma yi fina-finai biyar a kansu daga 2008 zuwa 2012. Labarin Bella ne, yarinya 'yar shekara 17 da ta koma wurin mahaifinta a garin Forks na jihar Washington, ta kamu da son Edward. A ido shi ma ɗan 17 ne, amma a 1901 aka haife shi. Mashayin jini ne, wato abin nan na tatsuniyoyin Turawa, wanda ya mutu bai kwanta ba, ba ya tsufa, da jini yake rayuwa. A da dodo ne abin tsoro, kamar Dracula na Bram Stoker da ya fito a 1897. Meyer ta wanke dodon tas, ta ba shi kyan fuska da ladabi da motar alfarma, ta ce shi da danginsa jinin dabbobi kawai suke sha.

Ba 'yan mata kaɗai suka ruɗe ba. Iyaye mata da dama sun shiga, suka kafa ƙungiyoyi a intanet, suna bin layin sinima tare da 'ya'yansu. Adalci shi ne mu ji hujjarsu, don suna da ita. Marubuciyar mai riƙo da addininta ce, 'yar cocin Mormon, kuma a labarin Edward ne ya dage ba zai kusanci Bella ba sai an ɗaura aure, wanda sai a littafi na huɗu aka yi. Yarinyar da ba ta son karatu ta cinye shafi kusan 500 cikin kwanaki. Uwar da 'yarta ta daina yi mata hira ta samu abin da za su tattauna. Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

To amma labari yana koyar da abin da yake yabo, ko da bai faɗa da baki ba. Mu duba me wannan yake yabo.

Edward yana shiga ɗakin Bella da dare ya tsaya yana kallonta tana barci, ana ta haka ba ta sani ba, mahaifinta na cikin gidan shi ma bai sani ba. Da ta ji, bai dame ta ba sai don kunyar abin da take faɗa cikin barci. A littafi na uku ya lalata injin motarta don kada ta je wurin wani abokinta. Duk wannan an shirya shi ne don mai karatu ta ce: kai, yana sonta fa! Yarinyar da ta haɗiye wannan, gobe idan saurayi ya ƙwace wayarta, ya raba ta da ƙawayenta, ya ce duk don so ne, da wane ma'auni za ta gane an fara zaluntarta?

A littafi na biyu ya tafi ya bar ta. Marubuciyar ta jera shafuka babu komai a kansu sai sunan wata: Oktoba, Nuwamba, Disamba, Janairu. Wato rayuwar yarinyar ta tsaya cak. Daga baya har tsalle ta yi daga kan dutse zuwa cikin teku don muryarsa ta dawo mata a kunne. Zuciyar da aka halitta don ta dogara ga Allah, an rataye ta gaba ɗaya a wuyan wani abin halitta, aka ce wa yara wannan shi ne ƙarshen so.

Sai babbar. Bella tana tsoron tsufa. Ranar da ta cika 18 baƙin ciki ta yi, don ta girmi fuskar saurayinta da shekara ɗaya. Burinta a mayar da ita irinsa, ta dawwama a ƙuruciya, ko da hakan na nufin ta yi ta ɓoye wa iyayenta gaskiya. Kuma a ƙarshe ta samu. Bangon littafin farko hoton tuffa ne a tafin hannu, an kuma buɗe shi da ayar Baibul kan haramtacciyar itaciya. Mu kuma mun san daga Suratu Ɗaha da me Shaiɗan ya yaudari Annabi Adamu (AS): itaciyar dawwama da mulkin da ba ya ƙarewa. Tsohon tayi ne, kaya kawai aka sauya masa.

Wata za ta ce: Malam, ai tatsuniya ce, yarinya ta san ƙarya ne. Haka ne, ta san babu mashayin jini. Amma saurayi mai kishin hauka akwai shi, a unguwarmu ma. Mu ma muna da tatsuniyar yarinyar nan da ta ce ba za ta auri mai tabo ba, har wani kyakkyawan baƙo ya zo ta bi shi, sai a daji ya rikiɗe ya koma dodo. Kin ga kayan haɗin iri ɗaya ne. Sai dai kakarmu tana ba da labarin ne don yarinya ta ji tsoron kyan da ba a san asalinsa ba, wancan kuwa yana ce mata ki bi shi, ladan yana can gaba.

A nan ne maganar uwa ta shigo, kuma a ganina nan ne asalin matsalar. Karatu tare da 'ya abu ne mai kyau, ina ma kowa na yi. Amma akwai karatun uwa, akwai karatun ƙawa. Idan uwa ta ajiye littafin tana cewa ina ma mijina haka yake, 'yar ta ɗauki darussa biyu a lokaci guda: mahaifinta ya gaza, kuma wanda ke leƙen ɗakin yarinya da dare shi ne namijin kirki. Ƙawaye tana da su birjik a makaranta da waya. Wadda za ta dakatar da ita a tsakiyar shafi ta ce anya kuwa, ita ce guda ɗaya, kuma in ta koma layin masu shewa babu mai maye gurbinta. Kada mu manta, Fifty Shades of Grey na 2011, littafin batsa tsagwaronsa, ya faro ne daga rubutun da wata babbar mace mai son Twilight ta gina a kan Bella da Edward.

Abin bai yi mana nisa ba. Fina-finan sun shigo wayoyin yaranmu, ga kuma namu labaran na soyayya da ke yawo a WhatsApp, wani lokaci uwa da 'ya na bin labari ɗaya. Ƙwacewa da ƙonawa ba sa magani. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano, yau ga su a aljihun kowa, inda ashana ba ta kaiwa.

Don haka shawarata, 'yar uwa: ki riga ta karantawa. In kun zauna, ki tambaye ta. Da a ce mummuna ne kuma talaka yake shigowa ta taga, me za mu kira shi? Me ya sa Bella ba ta gaya wa babanta ba? Wanda ya raba ki da kowa, wa za ki kai wa ƙara ranar da ya juya miki baya? Ki bar ta ta yi gardama, ki saurara har ƙarshe. In kin ga littafin bai dace da shekarunta ba, ki faɗa, ki kawo dalili, ki nemo mata wani. Kai ma uba, ba a cire ka ba. Yarinyar da ta ga yadda mahaifinta ke girmama mahaifiyarta, ba kowane mai daɗin baki ne zai sayar mata da tsaro da sunan so ba.

Amana ce aka ba mu, kuma za a tambaye mu. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba 'ya'yanmu abokan zama nagari.

Wallahu a'alam.