Ta Wace Ƙofa Shanyayye Zai Shiga?



A cikin Bishara ta hannun Markus, sura 2, mun ji labarin mutum huɗu da suka ɗauko wani shanyayye zuwa wurin Yesu a Kafarnahum. Taro ya toshe ƙofa, sai suka hau soro, suka buɗe rufin, suka zura shi. Mukan yaba wa bangaskiyarsu, daidai ne kuwa. Amma da a ce yau aka kawo shi cocinmu, ta ina zai shiga?

Rani lokacin gini ne a Kanya Babba da sauran ƙasar Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa. Kafin mu aza tubali, mu sani ginin da muka yi shi ne zai faɗi wanda muke maraba da shi. Mukan yi wa coci matakala masu tsawo don ado, alhali tsohuwa mai sanda da ɗan'uwa mai keken guragu sai an cicciɓe su. Wanda ya gaji da roƙon a ɗauke shi, wata Lahadi zai zauna a gida. Ƙofa mai faɗi da ɗan gangare a bakinta ba za su cinye mana kuɗin baiko ba.

Haka nan gidajenmu. Manyanmu ba su manta da sanƙarau na shekarar 1996 ba, wanda ya kashe mutum fiye da 10,000 a Nijeriya, galibi a Arewa. Cutar tana yaɗuwa ta numfashi, musamman inda aka cunkusa a ɗaki marar iska. Ɗakin kwano mai taga ɗaya, ita ma a toshe, tanda ne a bazara. Mu buɗe taga biyu masu kallon juna, mu kuma kai yara rigakafi. Mu haƙa masai nesa da rijiya, gama abin da ƙasa ta sha, shi za mu sha.

Sunan Kanya Babba kansa sunan itace ne. Ashe ba abin kunya ba ne mu sare inuwa don azara da girki, mu ƙi dasa wata, ga hamada tana matsowa daga arewa? A wasiƙarsa Laudato Si' ta shekarar 2015, Paparoma Francis ya tuna mana cewa duniya gida ne na kowa, matalauta ne kuma ke fara shan wuya idan ta lalace.

Saboda haka muna roƙon katekist da dattawan kowace ikilisiya da Zumuntar Mata, su zaga cocinsu bayan Mas, su dubi ƙofa da taga da rijiya. Idan damina ta sauka, kowane gida ya dasa darbejiya guda, ya yi mata shinge saboda awaki.

Mutum huɗun nan sun fasa rufi ne don ƙofa ta gagara. Mu gyara ƙofar tun yanzu. Ubangiji ya ba mu ikon aikatawa. Amin.