Tsarkin Zuciya Ko Dacewa Da Gaskiya?

Sau da yawa idan aka ce wa mutum, "Malam, wannan abin da kake yi ba haka shari'a ta ce ba," sai ya dafa ƙirji ya ce, "Ai Allah zuciya Yake dubawa." Ba ƙarya ya yi ba. Amma tambayar da za mu duba a wannan mako ita ce, idan mutum ya riƙi wani abu a addini da zuciya ɗaya, don Allah, alhali abin kuskure ne, shin ikhlasinsa ya ishe shi?

A cikin watan Ramadan na shekara ta 40 bayan Hijira, wani mutum mai suna Abdurrahman ɗan Muljam ya sari Sayyidina Ali da takobi mai dafi a masallacin Kufa, lokacin sallar Asuba. Mutumin nan daga cikin Hawarijawa yake, watau jama'ar da aka sani da yawan azumi da tsayuwar dare da karatun Alƙur'ani. A ganinsu aikin lada aka yi. Mu ma nan mun ga irin wannan a Kano cikin Disamba 1980, sa'ad da almajiran Maitatsine suka fito daga 'Yan Awaki suna tarar harsashi da ƙirji, har aka rasa rayuka fiye da 4,000. Wanda ya yarda ya mutu a kan abu, da wuya a ce da wasa ya riƙe shi. To, amma riƙon nan bai mai da ɓata ta zama shiriya ba, bai kuma dawo wa marayu da iyayensu ba.

Shi ya sa Fudailu ɗan Iyad, wanda ya rasu a Makka a shekara ta 187, ya yi bayani cewa ba a karɓar aiki sai ya haɗa abu biyu: a yi shi don Allah, a kuma yi shi bisa sunna.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka duk wanda ya kuskure ya halaka. A shekara ta 5, bayan yaƙin Handaƙ, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci Sahabbai kada su yi La'asar sai a unguwar Banu Ƙuraiza. Lokaci ya riske su a hanya. Waɗansu suka tsaya suka yi salla, suka ce manufarsa a yi sauri ne; waɗansu suka riƙe lafazin umurnin, suka jinkirta. Bai tsauta wa kowa ba, domin duka ɓangarorin biyu nufinsa suke nema. A gwada wannan da labarin mutumin da aka rotsa wa kai a wata tafiya, janaba ta same shi, ya tambayi abokan tafiya ko zai iya taimama. Suka ce a'a. Ya yi wanka, ya mutu. A nan Annabi ya yi fushi ƙwarai, ya ɗora musu alhakin ransa, saboda sun ba da fatawa a kan abin da ba su sani ba maimakon su tambaya. Su ma fa ba mugunta suka nufa ba.

A ganina nan bakin zaren yake. Ana yi wa mutum uzuri ne idan ya nemi gaskiya iyakar ƙoƙarinsa, ta kuɓuce masa. Wanda kuwa aka kawo masa hujja ya toshe kunne, yana cewa zuciyarsa fara ce, sai ya binciki kansa, don kuwa mai son Allah da gaske ba ya jin haushin a nuna masa abin da Allah Yake so. Matambayi ba ya ɓata.

Har ila yau akwai gargaɗi ga masu gyara, don su ma suna da tasu cutar. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo waɗansu ɗaliban ilmin tauhidi sun riƙa tare talakawa da tambayoyi masu wuya a kan sifofin Allah, wanda ya kasa amsawa su ce kafiri ne. Shehu ya yi rubuce-rubuce da dama yana musu raddi, yana nuna cewa wanda ya yi kalmar shahada, yana salla, a zahiri ake masa hukunci, abin da ke cikin ƙirjinsa kuwa a bar wa Mai shi. Duk da haka bai ce wa talakawan nan su koma gida niyyarsu ta isa ba. Ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, shi kuma ya yi wajen shekara 5 a ƙasar Zamfara yana bi gari gari, yana koya wa maza da mata tauhidi da tsarki da salla cikin Hausa da Fulatanci.